Wai jirgin ruwan Aureol ya taɓa ɗaukar alhazai zuwa Jidda?

Dan_Fagge74
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Makon jiya muna kwashe kayan ɗakin kakarmu, Allah ya jiƙanta, sai muka ci karo da wata tsohuwar adakar ƙarfe a ƙarƙashin gado, tsatsa duk ta ci gindinta. Ta kakanmu ce. A jikin murfin akwai takarda manne, ta yi ja saboda tsufa, amma ana iya karanta AUREOL da manyan baƙaƙe, ƙasa kuma Apapa da Liverpool, sai 1958 da aka rubuta da tawada. Mun san ya je kwas Ingila lokacin yana aikin En'e, to amma ban taɓa jin sunan jirgin ba sai ranar.

Abin da ya kawo ni shi ne, da na nuna wa kawuna hoton sai ya ce ai wannan jirgin alhazai ne, ya gan shi da idonsa a Jidda shekarar da ya sauke farali. Ni kuma na ce jirgin da ke zuwa Ingila me zai kai shi Jidda? Muka yi ta ja, har ya ji haushina. Don Allah wanda ya san tarihin jirgin nan ya warware mana. Ya ɗauki alhazai ko bai ɗauka ba?

UmmuSadiq
Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan su baki ɗaya, ya sa Aljanna ce makomarsu. Don Allah kar ku yi ƙoƙarin ɓamɓare takardar nan, marmashewa za ta yi.

MaiTarihi_Zazzau
Malam Dan_Fagge, abin da ke hannunka ba ƙaramin abu ba ne. Aureol shi ne babban jirgin fasinja na kamfanin Elder Dempster na birnin Liverpool, kamfanin da ya daɗe yana riƙe da zirga-zirgar ruwa tsakanin Ingila da Afirka ta Yamma. Kamfanin Alexander Stephen ne ya ƙera shi a Glasgow, aka tura shi ruwa ranar 28 ga Maris 1951, ya yi tafiyarsa ta farko zuwa Legas a watan Nuwamba na shekarar. Girmansa tan 14,083 a ma'aunin jiragen ruwa, tsawonsa kimanin mita 164, wato filin ƙwallo ɗaya da rabi. Sunan kuma ba na wani Bature ba ne, na dutsen da ke kallon birnin Freetown ne a Saliyo, inda kwalejin Fourah Bay take.

Su uku ne suke aikin tare, shi da jiragen da ake kira Accra na 1947 da Apapa na 1948. Kowanne yakan yi mako shida kafin ya je ya dawo ya sake tashi, saboda haka duk mako biyu akwai jirgin da zai bar Liverpool. Hanyar ita ce Las Palmas, Freetown, Takoradi, sannan tashar Apapa a Legas. Shekara 23 ya yi a kan wannan hanya, zuwa 1974. Aikinsa ke nan, jigilar alhazai ba ta ciki.

Dan_Fagge74
Na gode Malam. Ke nan kawu ya yi kuskure?

Alhaji_Direba
Ɗana, kar ka yi saurin ƙaryata kawunka. Ni na zauna a Jidda ina tuƙin babbar mota daga 1976 zuwa 1981, kullum muna shiga tashar jiragen ruwa ɗaukar kaya. Akwai wani farin jirgi da ke ɗaure a wurin, ba ya zuwa ko'ina, da dare fitilunsa a kunne kamar otal. Wani dattijo ɗan Saliyo da muke aiki tare shi ya fara nuna mini shi, ya ce wannan ai jirginmu ne na gida, tun yana yaro yake ganin shigowarsa Freetown. Ya tsaya ya daɗe yana kallonsa, ban manta ba. Sunan da ke jikinsa a lokacin Marianna ne, da lamba a gaba. Ma'aikatan kamfani ne suke kwana a ciki, ba alhazai ba. Kawunka ya ga jirgin, wannan ba na shakka. Aikin jirgin ne bai gane ba.

MaiTarihi_Zazzau
Alhaji ya faɗi daidai, Allah ya ƙara girma. Da Elder Dempster suka ajiye shi a Oktoban 1974, wani attajirin ƙasar Girka, John Latsis, shi ya saye shi ya sa masa Marianna VI. A 1975 aka kai shi Jidda ya zama ofis da masaukin ma'aikatan kamfaninsa, daga baya aka matsa da shi Rabigh, arewa da Jidda. Dan_Fagge, wace shekara kawun naka ya yi Hajji?

Dan_Fagge74
1977 ya ce.

MaiTarihi_Zazzau
To lissafi ya fita, yana Jidda a lokacin.

Yar_Gumel
Ni dai ban gamsu ba. Kakata ta sha gaya mana cewa a jirgin ruwa suka je Makka, har tana ba mu labarin yadda aka yi ta amai a ciki, ana salati. In ba irin waɗannan jirage ba, wanne ne ya kai su?

Dan_MaiWurno
'Yar'uwa, kakarki gaskiya ta faɗa, amma ba daga Ikko ta shiga ba, in dai irin tafiyar mutanenmu ta yi. Ni a Sudan aka haife ni, kakannina a hanyar Hajji suka tsaya suka zauna. Hanyar Hausawa ta ƙasa ce: Kano, Maiduguri, Fort Lamy wadda ta koma Njamena, Abeche, Jinaina, El Obeid, daga nan jirgin ƙasa har bakin Bahar Maliya. A Sawakin ko Port Sudan ake shiga jirgin ruwa a tsallaka Jidda, tafiyar da ba ta wuce kwana ɗaya zuwa biyu ba. Wasu su yi shekara uku, wasu bakwai, suna tsayawa aikin auduga a Jazira suna tara guzuri. Wanda zai bi ta Ikko sai ya zagaye rabin Afirka, ya bi ta Bahar Rum da mashigin Suwez. Talaka ina ya ga wannan kuɗin? Ki tambayi manya a gida ko ta taɓa ambatar Sawakin.

Yar_Gumel
Ikon Allah. Tana yawan cewa Sawakin kuwa, ni na ɗauka wata unguwa ce a Makka. Na gode yaya.

Injiniya_Apapa
Akwai wani abin da zai iya ƙara rikitar da zancen. Shi Latsis ɗin ya yi jigilar alhazai da gaske, amma da wasu jiragen. A farkon shekarun 1960 ya sayi manyan jirage biyu na kamfanin P&O, Strathmore da Stratheden, ya sa musu sunayen 'yarsa da matarsa, Marianna Latsi da Henrietta Latsi, kuma sun yi aikin alhazai. To duk wanda ya ji an ce Marianna na Latsis a tashar Jidda, ba abin mamaki ba ne ya haɗa su wuri ɗaya. A 1977 ma ya sayi Windsor Castle, wanda ya ninka Aureol girma fiye da sau biyu, shi ma ya ɗaure shi a Jidda da sunan Margarita L.

Zangon_Takoradi
Salamu alaikum daga Gana. Mu nan labarin jirgin bai mutu ba a bakin tsofaffi. Babana a harbo ya yi dako tun yana saurayi. Ya ce ranar da jirgin wasiƙa zai shigo, gari yakan tashi tun asuba: masu tasi, masu sayar da lemo da kwakwa, masu dako, har da waɗanda ba su da kowa a ciki, kallo kawai suka zo. Daga nesa ake gane Aureol, domin shi fari ne tas da bututun hayaƙi rawaya, sauran biyun kuwa ruwan toka. Kuma ina so in ƙara a kan bayanin MaiTarihi: bayan an buɗe tashar Tema a 1962 can jiragen suka koma tsayawa, don ta fi kusa da Ankara, wato birnin Accra. Babana ya ce mutanen Takoradi sun ji zafin abin, ciniki ya ragu a fili.

Kafin a gina Takoradi a 1928 ma, babu inda babban jirgi zai jingina a duk gaɓarmu. Can cikin teku yake tsayawa, a sauke fasinja cikin wata kujera da ake ɗaure wa igiya, a zura shi cikin kwalekwale, matuƙa su yi ta faɗa da igiyar ruwa har a kai gaci. Haka aka ci gaba da yi a Ankara har zuwan Tema.

Matashi_Mai_Kishi
Ku yi haƙuri, amma ni ina mamakin yadda ake ta yabon wannan jirgi kamar namu ne. Jirgin 'yan mulkin mallaka ne fa. Razdan da Di'o da matansu yake kawowa su mulke mu, su koma hutu a cikinsa da kuɗin harajinmu. Kamfanin da ya mallake shi kuma shi yake kwashe gyaɗarmu da audugarmu da kuzarmu zuwa ƙasarsu. Dalar gyaɗar Kano da ake nuna mana a hoto, ina take ƙarewa in ba cikin jiragensu ba? Ina abin alfahari a nan?

UmmuSadiq
Ba wanda ya ce namu ne. Mutum ya tsinci kayan kakansa yana neman sani.

MaiTarihi_Zazzau
Matashi, maganarka tana da tushe, ba zan ture ta ba. Shekarun farko akasarin masu aji na ɗaya Turawa ne, ma'aikatan gwamnati da na kamfanoni da 'yan mishan. Ɗakunan ma sun nuna haka: wajen mutum 250 a aji na ɗaya, 76 kacal a na biyu. An gina shi ne don masu albashin da gwamnati ke biya wa kuɗin tafiya. Kuma ƙarfin kamfanin ya wuce jirage. Alfred Jones, wanda ya shugabance shi, shi ya kafa bankin da ake kira Bank of British West Africa a 1894, wanda ya rikiɗe ya zama First Bank na yau. Jirgi nasu, banki nasu.

Akwai kuma abin da ya faru a watan Yunin 1959. Ma'aikata 'yan Najeriya da ke aiki a jirgin Apapa, ɗan'uwan Aureol, suka sauka a Liverpool suka ƙi komawa aiki, suna kukan ana nuna musu wariyar launin fata. Magana ta yi girma har gwamnatin Najeriya ta kafa kwamitin bincike ƙarƙashin Salubi. Saura shekara ɗaya da 'yan watanni a samu 'yancin kai fa.

Sai dai tarihin bai tsaya nan ba. Daga tsakiyar shekarun 1950 fasinjojin suka fara sauyawa. Ɗalibai, malaman makaranta, ma'aikatan En'e masu zuwa kwas irin kakan Dan_Fagge, ma'aikatan jinya, lauyoyi, 'yan kasuwa. Mutanen da suka karɓi ragamar ofisoshi da Turawa suka tafi, da yawansu a waɗannan jirage suka je suka dawo.

Matashi_Mai_Kishi
Na ji, Malam. To me ya hana mu yin namu?

Injiniya_Apapa
An yi. A 1959 aka kafa kamfanin jiragen ruwa na ƙasa, NNSL, da hannun jarin Elder Dempster da Palm Line a ciki, gwamnati ta saye kasonsu a 1961. Cikin jiragensa na farko akwai Dan Fodio, El Kanemi, King Jaja da Oduduwa. Gana ma ta riga mu, ta kafa Black Star Line a 1957. Amma na kaya ne, ba mu taɓa samun jirgin fasinja irin Aureol ba. NNSL kuwa an rufe shi a 1995. Na yi aiki da mutanen da suka fara koyon aiki a cikinsa, har yau in an taɓo zancen sai ka ga ransu ya ɓaci.

Hajiya_Malama
Salamu alaikum. Jikata ce ta nuna mini wannan hira, na ce sai na sa baki, don mahaifina ya shiga jirgin nan a 1961 zai je karo ilimin koyarwa, kuma labarin tafiyar ya ba mu shi ya fi a ƙirga.

Ya ce tafiyar ba a Apapa ta fara ba, a tashar jirgin ƙasa ta Kano ta fara, dangi cike da dandamali, mata na kuka kamar ba zai dawo ba. Innarsa ta ƙulla masa kilishi da dakuwa da garin yaji a cikin wani gwangwanin madara, ta ɗaure bakin da tsumma. Zariya, Kaduna, Minna, suka haye gadar Jebba, Ilori, Badun, sai Iddo. Bai taɓa ganin ruwan da ya fi Kogin Kaduna ba sai a tafiyar nan. Da aka kai su Apapa ya ɗaga kai ya ga jirgin, ya ce abin da ya faɗo masa a rai shi ne, wannan unguwa guda ta yaya za ta motsa?

Abin da ya fi damunsa salla ce. Su huɗu ne Musulmi da suka san juna, biyu 'yan Arewa, biyu Yarabawa. Ranar farko suka rasa ina ne gabas, don ko'ina ruwa. Sai ya yi ƙarfin hali ya tambayi wani jami'in jirgin. Mutumin ya ɗauko takarda ya zana masa: muddin ana tafiya yamma, daga Legas zuwa Freetown, alƙibla tana bayan jirgi ta ɗan karkata dama, da zarar an juya arewa, tana hannun dama. Takardar nan ya riƙe ta har Liverpool. A wani lungu kusa da kwalekwalen ceto suke shimfiɗa bargo su yi jam'i, iska na kaɗa musu riguna.

Abinci kuwa, nama bai ci ba ko sau ɗaya don bai san yankan ba. Kifi, ƙwai, burodi, dankalin Turawa, sai ya faki ido ya barbaɗa yajin Inna. Wani kuku ɗan Najeriya ya lura da shi, ya riƙa ajiye masa shinkafa da miya mai yaji irin wadda su ma'aikata suke ci. Mahaifina bai daina yi wa mutumin nan addu'a ba har ya bar duniya.

A Freetown ya ga yara a ƙananan kwalekwale suna nutso suna kamo kuɗin da fasinja ke jefawa ruwa. A Las Palmas aka ba su 'yan sa'o'i, ya sayi agogon hannu, yana nan wurin ƙanena. Daga nan sanyi ya fara shigowa kaɗan-kaɗan, ma'aikatan jirgi suka tuɓe fararen kaya suka sa masu duhu. Sai wurin da ake kira Biscay, tsakanin Sifen da Faransa. Ya ce kwana biyu bai iya ɗaga kai ba, faranti na zamewa daga tebur, adakarsa na yawo a ƙasan ɗaki, ya yi ta karanta addu'ar Annabi Nuhu ta shiga jirgi. Kusan mako biyu suka yi kafin su ga Liverpool, gari baƙi ƙirin da hayaƙi, ana yayyafi.

Dan_Fagge, ɗana, ka riƙe adakar nan da kyau. Tamu an bayar da ita tuntuni, ina nadama.

Dan_Fagge74
Hajiya, Allah ya saka da alheri, ya jiƙan Baba. Kamar ina ganin kakana ne a cikin labarin. Mu ba mu samu wannan daga bakinsa ba, ina ƙarami ya rasu.

Dan_MaiWurno
Addu'ar da Hajiya ta ambata, "Bismillahi majreha wa mursaha", ita tsofaffinmu ma suke cewa sun yi ta yi a tsallaken Bahar Maliya.

SadaukiKT
Na taɓa jin cewa a Aureol Sir Abubakar Tafawa Balewa da Malam Aminu Kano suka tafi karatu Landan. Haka ne?

MaiTarihi_Zazzau
A'a. Tafawa Balewa ya je Landan karatu a 1945, Malam Aminu a 1946, jirgin kuwa sai 1951 aka gama shi. Mutanenmu sun fara ƙetara tekun nan tun kafin haka da daɗewa. Sarkin Katsina Dikko ya je Ingila a 1921. A 1934 Sarkin Musulmi Hassan da Sarkin Gwandu Usman da Sarkin Kano Abdullahi Bayero suka je tare. Abubakar Imam ya je a 1943 cikin ayarin 'yan jarida na Afirka ta Yamma, ana tsakiyar yaƙi.

Yaƙin nan ma shi ne dalilin ƙera Aureol. Jiragen fasinjan kamfanin na da, Jamusawa suka nutsar da su ɗaya bayan ɗaya: tsohon Accra da tsohon Apapa a 1940, Adda a 1941, sai Abosso a Oktoban 1942, wanda mutum 362 suka halaka a cikinsa. Da aka gama yaƙi sai da suka faro daga tushe, shi ya sa suka maimaita sunayen Accra da Apapa.

Zangon_Takoradi
Tunda an zo kan waɗanda suka riga shiga, kar a manta da fataken goro. Kafin 'yan boko su san jirgin ruwa, 'yan kasuwarmu sun san shi. A da goron Gwanja a kan jakuna yake zuwa ƙasar Hausa, watanni ana tafiya. Da aka gane za a iya loda shi a jirgi daga Sekondi ko Ankara zuwa Ikko, jirgin ƙasa kuma ya isa Kano a 1911, sai hanya ta juya. Alhassan Dantata yana cikin waɗanda suka fara bin wannan hanya. Su a fili suke kwana a saman jirgi kusa da huhunan goronsu, suna yayyafa musu ruwa kar su bushe. Matashi, ka ga ba Di'o kaɗai ruwan nan ya ɗauka ba.

Matashi_Mai_Kishi
Baba, su a fili suna gadin goro, wasu a ɗaki ana kai musu shayi. Ai maganata ke nan.

BaDamagare
Mu a Nijar hanyarmu daban ce. Wanda zai je Faransa ta ruwa sai ya bi mota zuwa Parakou, jirgin ƙasa zuwa Kwatano, sannan jirgin Faransawa zuwa Marseille ko Bordeaux. Wani malaminmu na lakwal yakan ambaci jiragen Jean Mermoz da Général Mangin, ya ce a ɗaya daga ciki ya tafi. Su ma kusan lokaci ɗaya suka daina, ƙarshen shekarun 1960. Me ya kashe su gaba ɗaya haka?

Injiniya_Apapa
Jirgin sama, ɗan'uwa. Aureol injin dizal biyu gare shi samfurin Doxford, farfela biyu, gudunsa kimanin kilomita 30 a sa'a. Ba laifi ga jirgin ruwa na zamaninsa, kuma irin injin nan ba ya shan mai da yawa, yana da juriya. Amma mako biyu ne fa. Ga ɗan Arewa sai ka ƙara kwana biyun jirgin ƙasa, alhali filin jirgin sama na Kano yana bakin ƙofarsa, kuma jiragen Landan a nan suke yada zango. Da jirage masu injin jet irin VC10 suka fara zuwa a 1964, tafiyar ta koma ta sa'o'i. Gwamnati da kamfanoni suka ga ba dalilin biyan ma'aikaci albashin wata guda yana zaune a kan ruwa, zuwa da dawowa.

Aka sayar da Accra ga masu fasa jirage a 1967, Apapa ya tafi Hong Kong a 1968 aka sa masa Taipooshan. Aureol ya rage shi kaɗai, jirgi ɗaya duk mako shida. A 1972 aka ɗauke shi daga Liverpool aka mai da tasharsa Southampton. Sai tsadar mai ta 1973 ta zo ta ƙarasa.

SadaukiKT
Ni ina ganin ba jirgin sama kaɗai ba ne. Fasinjan da aka gina shi dominsu ai sun tafi. Bayan 1960 Turawan mulki suka yi ta ajiye aiki suna komawa gida, jami'o'i kuma suka buɗe a nan, Nsukka a 1960, Zariya da Legas da Ife a 1962. Wanda da sai ya ƙetare teku zai yi digiri, yanzu Samaru zai je.

Injiniya_Apapa
Akwai wannan, amma masu zuwa Ingila ƙaruwa suka yi bayan 1960, ba raguwa ba. Sama kawai suka koma bi. Abin da ya riƙe jirgin har 1974 shi ne kaya. Wanda ya gama karatu zai dawo da iyali, da firji, da keken ɗinki, da akwatunan littattafai, wani har da mota, jirgin sama ba zai ɗaukar masa ba.

Hajiya_Malama
Gaskiya ne Injiniya. Mahaifina da keken ɗinki ya dawo wa mahaifiyata, da shi aka ɗinka mana kayan makaranta mu duka.

UmmuSadiq
To ina jirgin yake yanzu? Ana iya zuwa a gani?

Injiniya_Apapa
Babu shi, Hajiya. A 1989 aka janye shi daga Saudiyya aka kai shi Eleusis kusa da Atina ta ƙasar Girka, ya yi shekara 12 a ɗaure. A 2001 aka kai shi Alang a jihar Gujarat ta Indiya, inda ake tura jirage kan yashi a yanka su da wuta a sayar da ƙarfen. Shekara 50 ke nan bayan ya shiga ruwa. Waɗanda suka shiga cikinsa a shekarunsa na Girka sun tarar da katakon bango da kujerunsa kusan yadda aka ƙera su, don Latsis mutum ne mai kula da tsofaffin jiragensa. Abin yana yi mini ciwo. Da Legas ko Freetown ko Tema, ɗaya ta karɓe shi ta ajiye, da yau yara suna shiga suna gani.

Matashi_Mai_Kishi
Da a ajiye nasu, gara a ce Dan Fodio ko El Kanemi aka ajiye. Su ma ina suke?

Dan_Fagge74
Jama'a na dawo. Jiya bayan Isha na je gidan kawu na karanta masa duk abin da kuka rubuta, tun daga na MaiTarihi har na Hajiya. Da na zo kan bayanin Alhaji_Direba sai ya miƙe zaune ya ce, "Ka ji ko? Fari ne, da fitilu!" Ya yarda cewa shi a jirgin sama ya tashi daga Kano, kuma daga cikin mota ya hango jirgin, wani ɗan'uwansa mazaunin Jidda ya ce masa wannan ne jirgin da kakanmu ya shiga zuwa Ingila. Amma har yanzu ya kafe cewa ya ga mutane da harami a kusa da shi, don haka a wurinsa jirgin alhazai ne. Ban ƙara ja da shi ba.

Alhaji_Direba
Lokacin Hajji tashar Jidda ko'ina ka duba masu harami ne, jiragen Indiya da Pakistan da Sudan da Masar suna ta sauke mutane. Zai gan su kusa da shi mana. Ka gaishe shi, ka ce wani tsohon direban Jidda yana tambayar wace unguwa ɗan'uwan nasa ya zauna, wataƙila mun san juna.

Yar_Gumel
Ni kuma ina nan a kan cewa kar a yanke hukunci. Ma'aikatan da ke kwana a cikinsa ai akwai Musulmi, kuma Makka ba nisa. In sun ɗaura harami daga ɗakunansu sun fito, kawu bai yi ƙarya ba.

Dan_Fagge74
Zan gaya masa, Alhaji. Wani abu kuma: da muka zazzage adakar sosai, a ƙarƙashin jaridar da aka shimfiɗa a ƙasanta mun sami wani kati mai hoton jirgin, da jerin abincin dare a ciki da Turanci. A bayansa akwai rubutun ajami da fensir, layi biyar, ya dushe sosai. Na gane "Laraba" da "Saliyo", sauran sun gagare ni. Akwai mai iya karanta tsohon ajami a nan in turo hoton?

Hajiya_Malama
Turo shi, ɗana. Ka ɗauka da rana a bakin taga, kar ka kunna fitilar waya.